Yadda Ake Shan Kwana a Tseren Mario na Waya

Tseren ƙananan motoci na waya yana da wata yaudara da ke kama duk sabon shiga. Ana gama ƙirga uku, biyu, ɗaya, motar za ta zabura da kanta. Ba ka taka totur ba, ba ka ma san inda birki yake ba, sai ka ɗauka ai wannan gem ɗin yara ne. Ka yi zagaye biyu, ka zo na ɗaya, kana murmushi. Da aka fito da sakamako sai ka ga taurari uku aka ba ka cikin biyar, ƙanenka kuwa da ya zo na uku ya kwashe biyar ɗin cif. Ba cuta aka yi maka ba. A Mario Kart Tour gudu ba naka ba ne, waya ce ke taka mai. Abin da aka bar maka shi ne kwana, da lokacin jifa, da wanda ka ɗora a kan sitiyari tun kafin a tashi.

Kamfanin Nintendo na Japan ya fara wannan tsere a 1992 da Super Mario Kart, a na'urar da ake jona wa talabijin. Sai ranar 25 ga Satumba 2019 ya kawo shi waya, Android da iPhone, tare da haɗin gwiwar kamfanin DeNA, kuma a makon farko kaɗai an sauke shi fiye da sau miliyan 90. A Jos dai gidajen gem na PlayStation ne, ƙwallo da dambe. Wanda ya yi zamanin PS ta farko zai iya tuna Crash Team Racing na 1999, amma motar Mario da yawanmu a waya muka fara ganinta. Shi ya sa a unguwannin Ali Kazaure, da Gangare, da Sarkin Arab, za ka ga yaro ya ƙware a ƙwallo har ana jin tsoronsa, amma a ba shi wannan sai ya riƙa karo da bango.

Kafin ka ɓata datarka, dubi wayarka. Wayar da ƙwaƙwalwar aikinta ba ta kai 2GB ba, wataƙila za ta buɗe gem ɗin, amma da motoci takwas sun haɗu a kwana ɗaya ana jefe-jefe sai hoto ya fara sarƙewa, kuma sarƙewar daƙiƙa ɗaya ta isa ta watsa maka tsere. Tecno da Infinix da Redmi masu matsakaicin kuɗi da ake sayarwa a wajen Taminus da titin Ahmadu Bello suna ɗauka lafiya. Ka nema a Play Store, ka tabbatar sunan Nintendo ne a ƙarƙashinsa, don jabu sun yi yawa. Kada ka yarda da wanda za a turo maka ta Xender wai an buɗe komai a ciki kyauta. Ajiyar gem ɗin tana can wurin kamfani, ba a cikin wayarka ba, saboda haka babu abin da aka buɗe, sai dai a cusa maka talla ko abin da ya fi talla muni.

Gem ɗin ba ya tashi sai da intanet, ko da kai kaɗai kake bugawa. Wannan shi ne babban aibinsa a wurinmu, musamman tun da Hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Sauƙin abin shi ne tseren kansa ba ya cin data sosai. Mai cin data shi ne saukewar farko, da ƙarin kayan da yake janyowa duk lokacin da aka shiga sabon zangon gem ɗin. Waɗannan ka bar su sai data ta dare, ko inda ka samu Wi-Fi. Za kuma a nemi ka buɗe rajista da Nintendo ta imel. Ka rubuta imel ɗin da kalmar sirrin a takarda ka adana. Ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka zare ta a kasuwa, da su za ka dawo da duk abin da ka tara a sabuwa. Yaron da bai kai shekara 13 ba, a ƙarƙashin rajistar babba ake buɗe masa.

To, an shiga. Je wurin saiti tun kafin tsere na biyu. Da aka fitar da gem ɗin a tsaye kawai ake riƙe waya, yatsa ɗaya ke yin komai, sai a Yulin 2020 aka ƙara damar kwantar da ita. Ni dai shawarata ka kwantar. Za ka hango kwana tun daga nesa, kuma babban yatsa ɗaya na tuƙi, ɗayan na jifa, ba a cakuɗa su. Juya waya kamar sitiyari kuwa, a bar wa mai son burge yara. Akwai Smart Steering, mai hana ka fita hanya, bar shi a kunne har hannunka ya faɗa. Idan hoto na sarƙewa ko batir na zuba, kunna tsarin tsimin wuta da ke cikin saitin. Hoton zai ɗan dushe, motar kuwa za ta fi jin magana.

Sannan abin da duk gem ɗin ya rataya a kai, wato Manual Drift. Kunna shi. Kwanakin farko za ka ji haushinsa, don ko ina ka taɓa motar sai ta yi tsalle ta karkace. Ka daure.

Ga yadda ake yi. Kana dosar kwana, tun kafin ka shige ta, ɗora yatsa a fuskar waya ka ja shi ɓangaren da hanya ta lanƙwasa, kuma kada ka ɗaga. Motar za ta ɗan yi tsalle, gindinta ya fita waje, hancinta ya dubi cikin kwanar, tana zamewa. Daga nan yatsan da ke manne shi ke auna faɗin zamewar. Ka ƙara ja ciki, motar ta matse kwana. Ka dawo da shi baya kaɗan ba tare da ka ɗaga ba, ta buɗe. Idonka kuma na kan tayoyin baya. Tartsatsi zai fara fita shuɗi, in ka ci gaba da riƙewa ya koma ruwan lemo, in ka ƙara ya zama shunayya mai haske. Kana ɗaga yatsa motar za ta harba gaba, kuma ƙarfin harbin gwargwadon launin da ka kai. Shunayyar nan wanda bai kunna Manual Drift ba ba zai taɓa ganinta ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne fara kwana a makare. Mutum ya riga ya shiga tsakiyarta sannan ya ja yatsa da ƙarfi, motar ta daki bangon waje, tartsatsin ya mutu. Dubi tsohon direban keke a shataletalen Taminus. Tun yana nesa ya ɗan buɗe waje, ya shigo a karkace, ya shafi bakin ciki, ya fita a miƙe. Haka za ka yi, ka fara daga waje, ka taɓa ciki a tsakiya, ka saki yatsa a daidai lokacin da hancin motar ya kalli miƙaƙƙiyar hanya. Wanda ya saki tun hancin na kallon bango, harbin da ya sha wahalar tarawa shi zai kai shi cikin ciyawa. Kuskure na biyu shi ne kwaɗayin shunayya a kowace kwana. Gajeriyar kwana shuɗi ya ishe ta, karɓi abinka ka wuce, sauri kan haifi nawa. A miƙaƙƙiyar hanya kuma, in kana so ka gyara tsayuwa, ɗan shafa yatsa ka ɗaga nan take, kada ka riƙe.

Tashin farko ma yana da sirri. Idan ana ƙirgawa, lamba 2 na bayyana ka ɗora yatsa ka riƙe har a tashi, za ka fita da ƙarfi. In kana bayan wata mota daf da daf na ɗan lokaci, iska za ta ja ka ta wurga ka gaba. Tsalle a kan tudu ba ya buƙatar komai daga gare ka, motar da kanta take yin wasan ta karɓi ƙarin gudu. Naka kawai ka hau tudun, kada ka kauce masa.

Ga wani abu da masu rubuta jagora a Turai ba za su faɗa maka ba. A sanyin Jos na Disamba da Janairu, yatsa kan bushe ya tsage har fuskar waya ta daina jinsa sosai, ka ja ta ƙi ja. Mutum kuma ya shafa basilin, sai gilashin ya yi maiƙo, yatsa ya riƙa sulɓewa a tsakiyar kwana. Murza hannuwanka su ɗumama, goge babban yatsa da gilashin da gefen riga, sannan ka fara. Sanyin nan yana sa batir ya faɗi da wuri fiye da yadda ka saba, amma ya fi zafin Maris alheri, don waya in ta ɗau zafi rage gudun kanta take yi. Kada ka buga tana jikin caji, musamman a shagon mai caji inda janareta ke hawa da sauka, saboda taɓawa kan rikice, motar ta riƙa juyawa ba da izininka ba. Ka cika ta, ka cire, ka cire mata riga in ta fara ɗumi.

Yanzu akwatunan kaya, masu alamar tambaya. Jan yatsa sama jifa ne gaba, jan shi ƙasa jifa ne baya. Ƙoƙon kunkuru kore a miƙe yake tafiya yana karo da bango yana dawowa, har kai mai shi yana iya dukanka. Ja yana bin wanda ke gabanka da kansa. Shuɗi mai ƙaya na ɗaya yake nema, kuma akwai ƙaho mai ƙara da ke tarwatsa shi, saboda haka in kana gaba ka samu ƙaho, kada ka busa shi a banza. Ɓawon ayaba ko ƙoƙon da ba ka jefa ba yana bin bayan motarka yana tare maka harbi. Wannan ne abin da sababbi ba sa ganewa, suna samun ayaba su yar, daƙiƙa biyu kuma jan ƙoƙo ya same su tsirara. Kana gaba, riƙe kayanka sai ka hango akwati na gaba sannan ka zubar. Kana baya, kada ka yi rowa, gem ɗin da kansa yana ba na baya manyan kaya, har da harsashin da ke ɗaukarka ya yi ta ture mutane. Naman kaza mai ƙara gudu kuwa an fi cin ribarsa a yanke, wato ka bi ta ciyawa ko yashi ka datse kwana, don ƙarfinsa na hana ƙasar riƙe ka. 

Mu koma kan taurarin da ƙanenka ya fi ka. Makin tsere daga wuri uku yake fitowa: ƙarfin direba da mota da lemar shawagi da ka zaɓa, matsayin da ka ƙare, da abubuwan da ka aikata a hanya. Na ukun nan shi ne rumbun. Kowane harbin kwana, kowane tsalle, kowane tsabar kuɗi da ka tsinta, kowane jifa da ya samu, maki ne. In kuma ka jera su ba tare da dogon tsaiko ba, sai su zama sarƙa, kowane sabo ya fi na baya daraja. Gwanaye kan yi tsere tun daga tashi har ƙarshe sarƙar ba ta tsinke ba. Dabararsu ita ce a wurin da babu tudu babu kuɗi, sai su yi 'yan gajerun zamewa, shuɗi, saki, shuɗi, saki, ko su ajiye kaya ɗaya su jefa a daidai gurbin da sarƙar za ta mutu. Tsabar kuɗin da ke zube a hanya, ko ka cika iyakar 300 da ake ba ka a rana, ci gaba da tsinta, don ita ce ke ɗinke sarƙa.

Kafin kowane tsere za a jera maka direbobinka da motocinka da lemominka hawa uku-uku. Direban hawan sama kaya uku yake ɗauka a akwati ɗaya, na tsakiya biyu, na ƙasa ɗaya. Motar hawan sama na ninka makin ayyukanka sau biyu, lemar hawan sama na ninka ladan sarƙa sau uku. Kowace hanya da nata 'yan gata. Don haka son Mario ko Yoshi ko gimbiya Peach ba shi ne abin dubawa ba, ɗauki wanda ke sama ko da ba ka son fuskarsa. Mai kaya uku ne kawai ke iya samun Frenzy, wato kaya ukun su fito iri ɗaya, motar ta ɗau walƙiya, babu abin da ke taɓa ka, kuma ka yi ta jifa ba ƙarewa na ɗan lokaci. In ta zo maka, yi ta danna waya da iyakar saurinka amma kada ka manta da kwana. Ka kuma bar 50cc da zarar ka gane hanya, ka hau 100cc, ka zauna a 150cc, saboda maki na ƙaruwa da ƙarfin inji. Sunayen mutanen da kake gani a kan sauran motoci idan kana bugawa kai kaɗai, aro ne, kwamfuta ce ke tuƙa su. Kada ka yi alfaharin ka doke wani Bajapane.

Kowane zango mako biyu yake yi, a cikinsa akwai kofuna, kowane kofi hanyoyi uku da ƙalubale ɗaya. Hanyoyin sun haɗa da tsofaffin na Mario da biranen duniya: New York, Tokyo, Paris, Landan, Berlin, Sydney, Singafo, Bankok, Atina, Rum, Madrid. Babu birnin Afirka ko ɗaya, abin da ke ba ni takaici duk lokacin da na tuna Hawan Kibo, wanda ko ba a ƙara masa komai ba ya isa hanyar tsere. Tun daga Oktoban 2023 Nintendo ya daina ƙara sababbin hanyoyi, tsofaffin zanguna ake maimaitawa. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin mutuwar gem ɗin. Ga marar kuɗi kuwa gaba ta kai shi, don hanyar da ka koya bana za ta dawo. Tikitin ƙarin girma da kake samu, zuba su a kan direbobi 'yan kaɗan da ke fitowa a hawan sama a hanyoyi da yawa, kada ka yayyafa wa kowa.

Batun kuɗi a taƙaice. Akwai jan dutse da ake saye da kuɗin gaske, ana kuma samunsa kaɗan-kaɗan kyauta. A da ana zuba shi a wani bututu ne a jira abin da sa'a za ta fitar, abin da bai da maraba da caca, har aka cire wannan tsarin a Oktoban 2022 aka kawo shago inda kake ganin abin da za ka saya. Akwai kuma Gold Pass, dala 4.99 a wata, mai buɗe 200cc da ƙarin kyaututtuka. Ana ba da gwajin mako biyu kyauta, amma in ba ka soke ba da kansa zai fara cira. Ba na ganin ɗalibi ko ɗan koyon sana'a yana da buƙatarsa. Iyaye da yayye masu ara wa yara waya, ku sa Play Store ya riƙa tambayar kalmar sirri kafin kowane saye. "Yaya, ara mini in buga ɗaya" ba ta taɓa tsayawa a ɗaya ba, kuma yaro bai san bambancin maɓallin kyauta da na kuɗi ba.

Daɗin abin dai sai da mutane. Tun Maris 2020 ake iya haɗuwa har mutum takwas. Ɗaya ya buɗe ɗaki, ya faɗi lambar, saura su shiga. Ko kuna zaune a benci ɗaya kowa sai da intanet, kuma in sabis ya yi rauni za ka ga ƙoƙonka ya daki mutum ya wuce kamar ba a yi ba. Kafin ku fara, kowa ya hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, ya tsayar da sabunta manhajoji. Kada mutum biyar su rataya a datar waya ɗaya.

Ranar da babu data fa? Beach Buggy Racing na farko, na kamfanin Vector Unit, wanda ya fito a 2014, yana tashi ba intanet kuma ƙananan wayoyi na ɗaukarsa, sai dai na biyunsa yana neman sabis. Amma ga majalisa, SuperTuxKart ya fi. Masu sa kai ne suka gina shi, kyauta ne, babu talla babu saye, kuma halal ne ka tura wa wani. Jaruminsa tsuntsun ƙanƙara ne, alamar Linux. Hotonsa bai kai na Mario kyau ba, tuƙinsa ma ya fi tauri, amma yana da abin da Mario ba shi da shi: wayoyi na iya haɗuwa da juna kai tsaye. Mutum ɗaya ya kunna raba Wi-Fi na wayarsa ko da babu ko sisin data a ciki, saura su jona, ya shiga sashen haɗin gida ya buɗe ɗaki, su nemo shi su shiga. Gara kowa ya zama yana da fitowa iri ɗaya ta gem ɗin. Zamewar kwana a nan da maɓallinta daban, tartsatsin rawaya ne sannan ja, kuma akwai kwalaben ƙarin wuta da ake tsinta a hanya, a ajiye su sai an miƙe.

In za ku yi gasa bayan la'asar, wayar da ta fi ƙarfi ita za ta buɗe ɗaki, kuma mai ita ya zauna a tsakiya. Ku yanke yawan tsere tun farko, huɗu ko shida, don a tashi kafin kiran magariba ba tare da wani ya ce saura nasa ba. A sa wani ƙane ya riƙe takarda yana rubuta matsayi. Al'adar gidan gem ta wanda aka ci shi ke biya, ku bar ta a can, nan babu abin biya. Bayan kowane tsere biyu kuma a yi musayar waya, mai babbar Samsung ya karɓi ƙaramar itel, saboda gardamar da ke tashi a irin wannan zama kusan kullum ɗaya ce, wai waya ce ta ci ba hannu ba.